Sharhi kan intanet ɗin gida na layin Openreach a Birtaniya: kamfanoni birjik, waya ɗaya

Duk wanda ya nemi intanet ɗin gida a Birtaniya zai tarar da sunaye jere: BT, EE, Plusnet, Sky, TalkTalk, Vodafone, Zen da wasunsu. Kowanne da farashinsa, kowanne da alkawarinsa. Abin da talla ba ta cika faɗa ba shi ne, a yawancin gidaje waɗannan kamfanoni 'yan kiri ne, a wurin mai sari ɗaya suke saro layi, wato Openreach. EE da Plusnet ma mallakar BT ne kai tsaye. Wayar da ta taso daga turken bakin titi ta shigo gidanka ba ta canjawa don ka canja sunan da ke kan takardar biyan kuɗi. Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne: wajen farashi da yawan zaɓi ta ci yabo, wajen gyara idan layi ya lalace kuwa tana da rauni, kuma raunin a cikin ginin tsarin yake.

Asalin abin ya faro ne daga 1984, shekarar da gwamnati ta sayar da fiye da rabin hannun jarin BT, kamfanin tarho na ƙasa, ga 'yan kasuwa. Kamfanin ya gaji wayoyin jan ƙarfe, turaku, bututan ƙarƙashin ƙasa da cibiyoyin haɗa layi sama da 5,000. Babu ɗan gasar da zai iya sake shimfiɗa irin wannan daga farko, don haka aka tilasta wa mai layin ya ba da hayar zangon ƙarshe, daga cibiya zuwa gida, a kan farashin da hukuma ta ƙayyade. Wannan shi ake kira LLU. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta wajabta shi, amma a shekarun farko bai yi armashi ba, domin wuƙa da nama duk suna hannun BT: shi ne mai ba da hayar, shi ne kuma abokin gasar masu hayar. A 2005 Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a ƙasar, ta karɓi alkawura daga BT, a Janairun 2006 aka kafa Openreach a matsayin sashe na daban da zai riƙa yi wa kowane kamfani aiki daidai wa daida, har da BT ɗin kansa.

Yadda hayar take aiki ba ta da wuyar ganewa. Kamfani zai kama ɗan wuri a cikin cibiyar BT, ya kafa na'urarsa da ake kira DSLAM ko MSAN, a ɗauko wayar abokin ciniki daga babban allon rarraba layuka a jona ta da na'urar. Daga nan sai kamfanin ya ja bayanan ta babban layinsa zuwa tasa hanyar sadarwar. Hayar iri biyu ce. Akwai ta raba daidai, inda muryar tarho ke zama a hannun BT, ɗan haya ya ɗauki ɓangaren intanet kawai. Akwai kuma ta ɗungurungum, inda layin gaba ɗaya ke komawa hannun ɗan haya. A Afrilun 2006 TalkTalk ya fito da tayin intanet na "kyauta" ga masu layin tarhonsa, Sky ya sayi Easynet ya shigo kasuwa a wannan shekarar, farashi ya faɗi, miliyoyin layuka suka sauya hannu cikin 'yan shekaru. Wannan nasara ce ta gaske, kuma duk mai biyan kuɗin intanet a ƙasar yana cin moriyarta har yau. Sai dai kamfanoni sun kafa na'urorinsu ne a cibiyoyin da ke da jama'a, inda kuɗin zai fito. Ƙananan cibiyoyin karkara sun daɗe ba su ga ɗan gasa ko ɗaya ba.

Da faiba ta zo, wato siririyar wayar gilashi mai ɗaukar bayanai ta hanyar haske, hoton ya sauya. A tsarin FTTC, faiba tana tsayawa ne a koren akwatin bakin titi, sauran tafiyar zuwa gida a kan tsohuwar wayar jan ƙarfe ake yin ta. Na'urar da ke cikin akwatin ta Openreach ce, ɗan haya ba ya kafa tasa. Abin da yake saya hidima ce da aka riga aka shirya, a miƙa masa ita a babbar cibiya. Haka abin yake a FTTP, inda faiba ke shiga har cikin gida. Ma'ana, bambancin fasaha tsakanin kamfanonin da ke kan layin Openreach ya ragu ƙwarai. Gudun da layinka zai iya ɗauka kusan ɗaya ne ko da wa ka saya.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan intanet ya ɗauke, ba ka da hanyar yin magana da mai gyara. Openreach ba ya karɓar ƙorafin layi daga mutum ɗaya, abokan cinikinsa kamfanoni ne. Sai ka kira kamfaninka, shi ya gwada layin daga nesa, ya buɗe rahoton lalacewa, Openreach ya ba da rana, injiniya ya zo, ya rufe aikin da wata lamba a cikin na'ura, lambar ta koma wa kamfaninka, shi kuma ya fassara maka. A kowane zango saƙo yana iya raguwa. Mafi cin rai ita ce matsalar da ke zuwa tana tafiya: ruwa ya shiga mahaɗar waya a kan turke, layi ya riƙa yankewa duk lokacin da aka yi ruwan sama, injiniya ya zo ranar da gari ya bushe, gwajinsa ya nuna lafiya lau, ya rubuta ba a sami matsala ba. An rufe rahoto. Bayan kwana uku sai a koma gidan jiya, kuma wanda zai ɗauki wayarka a karo na biyu wataƙila daga farko zai sa ka fara.

Akwai abin da kusan ba wanda ke tambaya kafin sa hannu, alhali ya fi ragin fam 2 a wata muhimmanci: matakin gyara. Openreach yana sayar wa kamfanoni matakai daban-daban. A mataki na 1, ana sa ran kammala gyara zuwa ƙarshen ranar aiki ta biyu bayan kai rahoto, Litinin zuwa Juma'a. A mataki na 2, zuwa ƙarshen ranar aiki ta gaba, har da Asabar. Layin da ya mutu ranar Juma'a da safe yana iya dawowa Asabar a mataki na 2, a mataki na 1 kuwa sai Talata. Kamfaninka ne ya zaɓa maka wannan, ba kai ba. Ka tambaye shi a wane mataki layinka yake, musamman idan daga gida kake aiki. Sannan ka sani cewa in an yi guguwa ko ambaliya, Openreach yana iya ayyana yanki a matsayin wanda lamarin ya fi ƙarfinsa, a jingine waɗannan wa'adodi.

Zargin cewa Openreach yana fifita uwarsa BT bai taɓa gushewa ba, kuma ba zargi ne kawai na 'yan gasa masu jin haushi ba. A Maris 2017 Ofcom ta ci BT tarar fam miliyan 42, bayan ta gano cewa a 2013 da 2014 kamfanin ya yi amfani da sharuɗɗan kwangila ba bisa ƙa'ida ba don rage diyyar da ya kamata ya biya wasu kamfanoni saboda jinkirin haɗa manyan layukan kasuwanci. A cikin wannan watan ne BT ya amince a mai da Openreach kamfani mai zaman kansa a doka, da hukumar gudanarwarsa, duk da cewa har yanzu mallakar BT ne. New Zealand ta bi wata hanyar, a 2011 ta raba Chorus, mai riƙe da layukan ƙasar, daga uwarsa kamfanin Telecom gaba ɗaya. A ganinmu rabin rabuwar da Birtaniya ta yi ta gyara zancen adalci tsakanin kamfanoni fiye da yadda ta gyara halin da mai gida ke ciki ranar da layinsa ya mutu. Ko da Openreach ya yi wa kowa daidai, mai gida dai ba shi da bakin magana da shi.

Tunda haka tsarin yake, dabara ita ce ka san iyakar alhaki, ka kuma tattara hujja kafin ka ɗaga waya. A layin jan ƙarfe, alhakin Openreach yana ƙarewa ne a babban soket na gidan, farin akwatin nan da wayar waje ke fara shiga, wanda ake kira NTE5. Duk abin da ke bayansa, wayoyin da aka ja zuwa ɗakuna, ƙananan soket, matatar da ke raba murya da intanet, naka ne. Idan injiniya ya zo ya tarar matsalar a ɓangarenka take, kamfaninka yana iya cajinka kuɗin zuwan. Don haka ka cire murfin gaba na babban soket ɗin, a sababbi da hannu ake ɓalle shi, a tsofaffi akwai ƙananan kusoshi biyu. A bayansa akwai soket na gwaji. Jona rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, a nan ta hanyar matata mai kyau. Cire murfin ya riga ya yanke duk wayoyin cikin gida, saboda haka in gudu ya ƙaru ko yankewar ta daina, laifin na cikin gida ne. In babu abin da ya canja, ka sami hujjar farko cewa matsalar a waje take.

Idan har yanzu kana da tsohon layin tarho mai ƙarar buɗewa, jona tarho mai igiya a soket ɗin gwaji, ka buga 17070, ka zaɓi 2. Ya kamata ka ji shiru. Ƙara kamar ana soya abu ko shuuu alama ce ta mahaɗar da ta yi tsatsa ko ruwa ya shiga. Ka kai rahoton a matsayin matsalar murya, domin irin wannan ta fi saurin karɓuwa, gyaranta kuma yakan gyara intanet ɗin. Wannan gwaji ba ya aiki a layin da aka riga aka mayar na murya ta intanet.

Bayan haka ka shiga shafin rautarka ka rubuta lambobi uku: gudun da ta ƙulla da akwatin titi ko cibiya, tazarar sigina da hayaniya wadda aka saba sa wa kusan desibel 6, da tsawon lokacin da ta yi ba ta yanke ba. Ka yi haka safe da dare na kwana uku ko huɗu, ka haɗa da gwajin gudu a kwamfutar da ka jona da kebul, ba ta Wi-Fi ba. Waɗannan lambobi su ne ke bambance laifin wa. In gudun ƙullawar ne ya faɗi, matsalar layi ce, ta Openreach. In gudun ƙullawar yana nan daram amma abin da kake samu yana zubewa tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, cunkoso ne, kuma galibi a babban layin kamfaninka yake. Wannan na biyun ne kaɗai canja kamfani zai iya magancewa. Wanda ya bar kamfani saboda ruɓaɓɓiyar waya ya koma wani a kan wannan wayar, an gudu ne ba a tsira ba.

Wani kuskure da ke ƙara dagula lamari shi ne yawan kashe rauta da kunnawa. A kan layukan jan ƙarfe akwai wani tsari mai sarrafa kansa da ke lura da yawan yankewa. In ya ga layi yana yawan faɗuwa, sai ya rage masa gudu don ya zauna lafiya, kuma bai san bambancin yankewar lalacewa da ta hannunka ba. Ka kashe sau goma a yini, ka wayi gari an ɗaure maka gudu, kuma sakin yakan ɗauki kwanaki. Sau ɗaya ya isa. Nisa ma yana da nasa hukuncin da ba kamfanin da zai ɗage: FTTC ba ya wuce megabit 80 a sakan wajen saukewa da 20 wajen ɗorawa, kuma sai gidan da ke cikin mita 200 zuwa 300 daga akwatin ke kusantar wannan. A kilomita 1 yakan sauko ƙasa da rabi. Unguwannin da aka ja wa wayar alminiyam maimakon jan ƙarfe sun fi shan wahala, domin mahaɗanta sun fi saurin lalacewa.

FTTP ya kawar da yawancin waɗannan. Faiba ba ruwanta da tsatsa ko hayaniyar kayan lantarki, nisa kuma ba ya rage mata gudu a irin tazarar da ake magana. A bango ake kafa ƙaramar na'ura mai suna ONT, fitilunta kuma suna faɗin gaskiya: PON kore a tsaye lafiya, LOS ja yana nufin hasken bai iso ba, wato faibar ta karye ko ta lanƙwashe fiye da kima, aikin injiniya ne. Inda FTTP ke ba da ciwon kai shi ne ranar haɗawa. Bututun da za a zura faibar ya toshe, ko turke yana buƙatar a canja shi, ko mai ginin bene bai ba da izinin ratsa bango ba, sai aikin yini ɗaya ya koma na makonni, mai gida yana ta kiran kamfanin da shi ma jira yake. Kada ka soke tsohon layinka da kanka kafin sabon ya kunnu. Openreach ya sa wa kansa burin kai FTTP gidaje da shaguna miliyan 25 zuwa ƙarshen 2026, an kuma tsayar da ƙarshen Janairun 2027 don rufe tsohon tsarin tarho. Tarhon da ya koma kan rauta yana mutuwa in wuta ta ɗauke, don haka duk gidan da ke da tsoho ko mara lafiya da ya dogara da tarhon gida ko na'urar kiran agaji, ya gaya wa kamfaninsa tun kafin sauyin, ya nemi batirin ko-ta-kwana.

Ta fuskar haƙƙin mai saye, an sami ci gaba mai ma'ana, kuma kusan dukkansa hukuma ce ta matsa, ba gasa ce ta kawo shi ba. Tun Afrilun 2019 manyan kamfanoni suka shiga tsarin biyan diyya ba tare da an roƙa ba. Da aka fara, fam 8 ne a kowace rana idan layi ya mutu gaba ɗaya ba a gyara ba bayan ranakun aiki biyu, fam 25 idan injiniya bai zo ba ko aka soke zuwansa ƙasa da awa 24 kafin lokaci, fam 5 a kowace ranar jinkirin fara hidima. Adadin yana ƙaruwa duk shekara. Giɓinsa biyu ne: shiga tsarin ganin dama ne, ba kowane kamfani ke ciki ba, sannan bai shafi layin da ke aiki a hankali ko yake yankewa yana dawowa ba, wanda shi ne ya fi addabar mutane. Ga wannan akwai ƙa'idar gudu ta Maris 2019: kamfanin da ya sa hannu a kanta zai ba ka mafi ƙarancin gudun da ya lamunce tun ranar saye, in gudun ya faɗi ƙasa da haka ya kasa gyarawa cikin kwana 30, kana iya fita ba tare da tara ba. Ka adana wannan lambar, ita ce makaminka.

Farashi ma yana da tarkonsa. Shekaru da dama kamfanoni suna ƙara kuɗi a tsakiyar kwangila da ma'aunin hauhawar farashi haɗe da kashi 3.9, abin da a 2023 ya kai kashi 14.4 ga abokan cinikin wasu manyan kamfanoni, mutum kuma yana ɗaure ba damar fita. Daga 17 ga Janairun 2025 Ofcom ta hana wannan a sababbin kwangiloli, dole a faɗi ƙarin da fam da kwabo tun farko. Ƙarin bai tafi ba, bayyana shi kawai aka yi, saboda haka ka lissafa jimillar watanni 18 ko 24 gaba ɗaya, kada farashin watan farko ya ruɗe ka. Da kwangila ta ƙare kuɗi yakan yi tsalle, kamfani kuma wajibi ne ya sanar da kai ƙarewarta tun daga Fabrairun 2020. Sauya kamfani ya yi sauƙi tun Satumbar 2024: sabon kamfanin kaɗai za ka tuntuɓa, shi zai sallami tsohon, ko da ba a kan layi ɗaya suke ba.

In ƙorafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ka ce a rubuta shi a matsayin ƙorafi na hukuma, ka karɓi lambarsa, ka riƙa rubuta rana da abin da aka ce maka. Dokin mai baki ya fi gudu a wannan fage. Kowane kamfani dole ya kasance ƙarƙashin ɗaya daga cikin masu sasanci biyu, Communications Ombudsman ko CISAS, kai kuma ba ka biyan komai. Kana iya zuwa wurinsu da zarar kamfani ya ba ka takardar cewa an kai maƙura, ko bayan wa'adin jira, wanda ya daɗe yana makonni 8 kafin Ofcom ta yanke a rage shi zuwa 6. Ofcom kanta ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, amma tana wallafa yawan ƙorafin da ake kai mata a kan kowane babban kamfani cikin abokan ciniki 100,000, duk wata uku. Wannan jadawali ya fi kowace talla amfani wajen zaɓe.

Gasar da ke taɓa gyara kuwa ita ce ta waya da waya. Virgin Media yana da nasa layin tun asali, garin Hull kuma KCOM ne ke riƙe da shi, ba Openreach ba. Tun da aka buɗe bututai da turakun Openreach ga kowa ya zura tasa faibar, kamfanoni irin su CityFibre, Hyperoptic, Community Fibre da Gigaclear suka shimfiɗa nasu, wasu daga cikin manyan 'yan kirin ma yanzu suna saro layi daga CityFibre a garuruwan da yake. Inda layi na biyu ya iso titinka, a nan ne barin kamfani ke nufin barin waya. Da yawa daga cikin sababbin suna ba da gudun ɗorawa daidai da na saukewa, wanda ke da amfani ga mai aika manyan fayiloli. Sai dai ƙananansu na fama da bashi, ana ta haɗewa da sayen juna, don haka ka duba sharuɗɗan kwangilar, ka kuma tambaya ko suna cikin tsarin diyya.

Ga wanda Openreach ne kaɗai a titinsa, shawararmu ita ce ya ɗauki FTTP in ya iso, ko da da ɗan ƙarin kuɗi, ya zaɓi ƙaramin gudu in kuɗi ne matsala, domin megabit 100 na faiba mai tsayuwa ya ishi yawancin gidaje. Wajen zaɓen kamfani, ya auna abubuwan da ke hannun kamfanin da gaske: matakin gyaran da ya saya, cunkoson dare, ingancin rautar da yake bayarwa da ko zai bari ka sa taka, da yadda ma'aikatansa ke bin rahoton lalacewa har ya rufu. Mai karɓar Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ya tambayi farashin rangwame na musamman, kamfanoni da dama suna da shi amma ba sa tallata shi. Wanda kuma ke can karkara bai samun ko megabit 10 na saukewa da 1 na ɗorawa, tun Maris 2020 doka ta ba shi damar neman a haɗa masa daga BT, ko KCOM in a Hull yake, kuma ba zai biya kuɗin aikin ba matuƙar bai wuce fam 3,400 ba.